Carcassonne: Abubuwan Ban Mamaki Daga Birni Mai Ganuwa Biyu a Ƙasar Inabi

A kudancin Faransa, tsakanin birnin Toulouse da gaɓar Bahar Rum, akwai wani tudu da ke kallon kogin Aude. A kansa tsohon birnin Carcassonne yake, ganuwar dutse ta kewaye shi, gonakin inabi kuma sun kewaye ganuwar. Don mahara masu takobi da majaujawa aka gina shi, amma ba su ne suka fi yi masa ɓarna ba. Ƙishirwa, da sa hannu a takarda, da maƙwabta masu neman dutsen gini, da wani ɗan ƙwaro da ido bai cika gani ba, su ne suka fi ba garin da manomansa wuya. Ga yadda abin yake, ɗaya bayan ɗaya.

1. Ganuwa cikin ganuwa. Ganuwar birnin biyu ce, ɗaya a cikin ɗaya. In aka haɗa tsawonsu ya kai kilomita 3, hasumiyoyinsu kuma 52. Ta ciki ta fi ta waje tsayi, don maharban da ke kanta su yi harbi ta saman kawunan 'yan uwansu. Da yawa daga hasumiyoyin waje ba a toshe bayansu ba, da gangan aka bar su a buɗe ta ɓangaren gari. Maharin da ya sha wuya ya hau ɗaya sai ya tarar babu inda zai laɓe, kibau na zubo masa daga ganuwar ciki. Filin da ke tsakanin biyun, inda baƙi ke shan iska a yau, tarko ne.

2. Ƙane a ƙasa, wa a sama. A al'ada tsohon gini ke ƙasa, sabo ya hau kansa. A nan akwai wuraren da abin ya juye. Rumawa ne suka fara ganuwar ciki tsakanin ƙarni na 3 da na 4, aikinsu kuma ba ya ɓuya: ƙananan duwatsu masu kusurwa huɗu an jera su reras, sai layin jan bulo ya ratsa, sannan dutse ya ci gaba. A ƙarni na 13 magina suka zo baje filin da ke tsakanin ganuwar biyu. Garin kwasar ƙasa, harsashin Rumawa ya fito fili, dole suka cusa manyan sassaƙaƙƙun duwatsu a ƙarƙashinsa don su tallafe shi. In ka tsaya a gindin irin wannan bango ta arewacin birnin, dutsen da tafin hannunka ke taɓawa ya zo duniyar gini ne bayan wanda ke saman kanka da shekara kusan 1,000. Wasu hasumiyoyin Rumawan har yau a karkace suke.

3. Sa'ar ganuwar Kano. A 1096 Fafaroma Urban na II ya yada zango a Carcassonne, ya sa albarka ga duwatsun da za a gina babbar majami'ar garin da su. A wannan zamanin ne, bisa Tarihin Kano, Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, ya fara ginin ganuwar Kano. Ta Kano ta ninka ta Carcassonne tsawo sau da dama, domin ta rungumi gonaki da kududdufai. Ta Carcassonne kuwa kan tudu kaɗai ta rufe, ta bar kogin a waje. A riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

4. Ƙofar da ta shirya wa yunwa da ƙishi. Babbar ƙofar gabas, mai kallon hanyar birnin Narbonne, wajen 1280 aka gina ta. Hasumiya biyu ke gadinta, gaban kowace yana da tsini don dutsen majaujawa ya goce. Ƙyaure biyu na katako da ƙarfe ne ke faɗowa daga sama, a rufin sararin da ke tsakaninsu kuma akwai rami da ake sako duwatsu a kan duk wanda aka ritsa. A gindin hasumiya ɗaya akwai rumbun abinci, a ɗayar akwai ma'ajiyar ruwa, ta yadda ko gari ya faɗi masu gadin ƙofa za su ci gaba da yaƙi. Tafasasshen man da ake zubo wa mahara a fina-finai kuwa, yawancinsa aikin masu shirya fim ne. Mai ya fi ƙarfin a zubar, dutse kuma kyauta ne.

5. Dukiyar Annabi Sulaiman a cikin rijiya? A shekara ta 70 Rumawa suka kwashe kayan alfarma na wurin ibadar Ƙudus suka kai Rum. A 410 Alaric, sarkin ƙabilar Visigoth, ya wawashe Rum ɗin. Marubucin tarihi Procopius ya ce lokacin da ƙabilar Farankawa suka yi wa Carcassonne ƙawanya a farkon ƙarni na 6, jin da suka yi cewa dukiyar tana ciki ne ya ja su, har da kayan Annabi Sulaiman. Daga nan zance ya bazu cewa a babbar rijiyar birnin aka jefa ta. An yashe rijiyar, ba a sami ko zobe ba, amma labarin ya ƙi mutuwa.

6. Shekarun Musulmi. A 725 gwamnan Andalus, Anbasa ɗan Suhaim al-Kalbi, ya ci Carcassonne. Garin ya zauna a hannun Musulmi shekara talatin da 'yan kai, har wajen 759 lokacin da Pepin, sarkin Farankawa, ya karɓe yankin tare da Narbonne.

7. Sarauniya, buhun alkama da alade. A bakin ƙofar gabas akwai gunkin wata mata mai faffaɗar fuska, ana kiranta Dame Carcas. Wai matar sarkin Musulmin garin ce. Da aka kashe mijinta, Sarki Charlemagne ya kewaye birnin shekara da shekaru har mayaƙa suka ƙare, sai ta riƙa jera mutum-mutumin ciyawa a kan ganuwa tana zagayawa tana harbi, a zaci dakaru na nan. Da abinci ya rage buhun alkama ɗaya da alade ɗaya, ta ɗura wa aladen alkamar, ta sa aka jefo shi waje. Cikinsa ya fashe, mahara suka ga tsaba, suka ce mutanen da ke ciyar da dabba alkama ba za su ji yunwa nan kusa ba, suka naɗe tantunansu. Wai daga sunanta garin ya sami nasa. Sai dai ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Rumawa na kiran garin Carcaso ɗaruruwan shekaru kafin nan, Charlemagne yaro ne a lokacin da aka karɓe garin, masu tsara labarin kuma ba su tsaya sun tambayi kansu me alade ke yi a gidan sarauniya Musulma ba.

8. Mako biyu kacal. Ranar 1 ga Agustan 1209 rundunar da Fafaroma Innocent na III ya tayar ta sauka a gindin birnin. Kwana goma kafin nan ta karkashe mutanen garin Béziers, saboda haka mutanen ƙauyuka sun tuɗaɗo cikin Carcassonne da dabbobinsu. Maharan ba su fasa ganuwar birnin ba. Unguwannin waje suka ci, suka tare hanyar kogi, suka bar zafin Agusta ya yi sauran aikin. Rijiyoyi suka ƙafe, cuta ta ɓarke. Mai garin, Raymond-Roger Trencavel, ya fito sulhu aka kama shi. Ranar 15 ga wata aka kori mutanen gari kaf, kowa daga shi sai rigar jikinsa. Trencavel ya mutu a kurkukun gidansa a watan Nuwamba, yana da shekara 24.

9. Laifinsu. An zo ne don 'yan Cathar, wasu Kiristoci da suka saɓa wa cocin Rum. A wurinsu duniyar da ido ke gani aikin mugunta ce, rai ne kaɗai na Ubangiji. Malamansu, maza da mata, ba sa rantsuwa, ba sa cin nama ko ƙwai ko abin da aka yi da madara, amma suna cin kifi. Kotun binciken aƙida ta kafa zama a Carcassonne, wanda ya tuba a ɗinka masa gicciye ruwan ɗorawa a gaban riga da bayanta, ya yi ta yawo da shi. Waɗanda suka ƙi tuba wuta ce makomarsu: sama da 200 aka ƙone a Montségur a 1244, malaminsu na ƙarshe a yankin kuma a 1321.

10. Dutsen mata. Simon de Montfort, jagoran rundunar, shi aka bai wa garin. Bayan shekara tara, a 1218, yana tsaka da yi wa Toulouse ƙawanya dutsen majaujawa ya fasa masa kai. Labarin da aka gada ya ce mata da 'yan matan garin ne ke kan majaujawar. A majami'ar Carcassonne aka fara binne shi, kafin danginsa su kwashe gawar zuwa arewa.

11. Gari ɗaya ya zama biyu. A 1240 ɗan Trencavel ya zo ƙwato gadon ubansa, mutanen unguwannin waje suka mara masa baya, amma bai yi nasara ba. Sarki Louis na IX ya sa aka baje unguwannin. Daga baya ya yafe wa mutanen, da sharaɗin su gina sabon gari a hayin kogi, mai tituna miƙaƙƙu masu gittar juna. A 1355 Yarima Edward na Ingila, mai laƙabin Baƙin Yarima, ya zo da rundunarsa. Ya ɗaga kai ya dubi ganuwar tudu, ya ga ba ta ciwuwa, sai ya huce a kan sabon garin, ya banka masa wuta ya wuce.

12. Alƙalami ya yi abin da takobi ya kasa. Darajar Carcassonne ita ce tana gadin iyakar Faransa da Sifaniya, tare da wasu ƙananan sansanoni biyar da ke kan duwatsu, waɗanda ake kira 'ya'yanta. A 1659 ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar Pyrenees, iyaka ta matsa kudu. Ba a harba ko kibiya ba, birnin ya wayi gari yana gadin babu. Masu hannu da shuni suka sauka ƙasa, har kujerar bishop ta bi su a farkon ƙarni na 19.

13. Ulun Carcassonne a kasuwar Halab. Kafin inabi ya mamaye ko'ina, saƙa ce arzikin garin. A ƙarni na 17 da na 18 masaƙun sabon gari na fitar da yadin ulu ta tashar Marseille zuwa daular Turkawa, ana sayar da shi a Istanbul da Izmir da Halab. Da kasuwar ta mutu a ƙarshen ƙarni na 18, talauci ya sauka. Zuwan jirgin ƙasa a 1857 ne ya buɗe wa giyar yankin hanyar arewa, manoma suka bar alkama suka koma inabi.

14. Saura ƙiris a mai da shi tsakuwa. A farkon ƙarni na 19 tsohon birnin ya zama unguwar talakawa. Masaƙa sun kafa gidaje sama da 100 a jikin ganuwa, a filin nan da aka yi don tarko. Wanda duk ke gini a ƙasa sai ya hau tudu ya ɓamɓaro dutse. A tsakiyar ƙarnin gwamnati ta cire hannunta, rusau ya gabato. Wani ɗan garin mai son tarihi, Jean-Pierre Cros-Mayrevieille, da marubuci Prosper Mérimée, mai kula da gine-ginen tarihi na ƙasa, su suka tsaya kai da fata har aka fasa. Gyaran ganuwa ya fara a 1853 a hannun Eugène Viollet-le-Duc. Ya rasu a 1879 bai gama ba, almajirinsa ya ƙarasa a farkon ƙarni na 20. Talakawan da ke jikin ganuwa kuwa, an tashe su an rushe gidajensu.

15. Hular aro. Rufin nan masu tsini, masu launin toka, da ke fitowa a kowane hoton Carcassonne, ba na kaka da kakanni ba ne. Viollet-le-Duc ne ya ɗora su, da fallayen dutse irin na arewacin Faransa, alhali mutanen kudu da jan tayil na yumɓu suka saba rufi. An yi ta caccakarsa. A shekarun 1960 aka sauya wa wasu hasumiyoyi rufi da jan tayil, shi ya sa yau za ka ga toka nan, ja can. Viollet-le-Duc ne kuma ya zana dogon tsinin majami'ar Notre-Dame ta Paris da ya faɗi a gobarar Afrilun 2019.

16. Rowa ta sa ruwa ya kauce. Hanyar ruwan da ake kira Canal du Midi, mai tsawon kilomita 240, an haƙa ta da hannu tsakanin 1666 da 1681 don jiragen kaya su tashi daga Toulouse su isa Bahar Rum. Mai aikin, Pierre-Paul Riquet, ma'aikacin karɓar harajin gishiri ne. Ya zuba dukiyarsa, ya ci bashi, ya rasu a 1680, saura 'yan watanni a buɗe ta. Da ya nemi shugabannin Carcassonne su ba da nasu kason, sun ƙi, shi kuma ya ratse da ruwansa ya bar su. Sai a 1810 aka karkato da hanyar ta bi ta garin. UNESCO ta sa hanyar ruwan cikin kayan tarihin duniya a 1996, tsohon birnin kuma a 1997.

17. Sarkin da ya ce a tumɓuke. Noman inabi a yankin ya girmi ganuwar. Rumawa sun kafa Narbonne a shekara ta 118 kafin haihuwar Annabi Isa, gonaki suka bunƙasa. A shekara ta 92 Sarki Domitian ya ba da umarnin a tumɓuke rabin inabin lardunan daular, don a sami filin alkama. Ba a bi umarnin sosai ba, wajen 280 kuma Sarki Probus ya soke shi.

18. Kumfar da sanyi ya haifar. Kudu da Carcassonne akwai garin Limoux. Mutanensa na cewa su suka riga kowa yin giya mai kumfa, a 1531, a hannun 'yan zuhudun Kirista na Saint-Hilaire, fiye da shekara 100 kafin a haifi Dom Pérignon da ake jingina wa ta Champagne. Sirrin ba wani mai zurfi ba ne. Sanyin hunturu na tsayar da tsimuwar ruwan inabi kafin ta kammala. In an rufe shi a kwalba, da ɗumi ya dawo sai ta farka, iskar da take fitarwa ta rasa mafita. Limoux ɗin ne kuma ke da bikin dodanni mai cin kusan wata uku, daga Janairu zuwa Maris.

19. Fure mai gadi, iska mai magani. A bakin kunyoyin wasu gonaki za ka ga an dasa wardi. Ba don kwalliya kaɗai ba ne: farar fumfuna kan riga kama shi kafin inabi, sai ya zama ƙararrawar manomi. Iska biyu ke mulkin yankin. Cers na busowa daga arewa maso yamma, busasshiya ce, tana share raɓa daga ganye. Marin na tasowa daga teku da laima, ita ke renon cuta. A lokacin girbi, wajen Satumba, manyan gonaki kan fitar da injinansu da tsakar dare, don inabin ya isa matsa da sanyinsa.

20. Ɗan hakin da ka raina. A shekarun 1860 kurangar inabi ta fara bushewa a kudancin Faransa ba a san dalili ba. A 1868 Jules-Émile Planchon, masanin tsirrai na Montpellier, ya tono saiwa ya ga ƙananan ƙwari ruwan ɗorawa, dangin darɓa, manne da ita suna tsotsa. Sunan ƙwaron phylloxera, daga Amurka ya shigo a jikin dashe. An gwada guba, an gwada cika gona da ruwa, an koma dasawa a rairayi. Maganin ya fito ne daga inda cutar ta fito, domin inabin Amurka ya saba da ƙwaron. Sai aka koma aure, irin wanda ake yi wa mangwaro: a yanke gindin ɗan Amurka, a tsaga, a soka reshen ɗan Faransa, a ɗaure. In ka durƙusa a gindin kuranga a yau, sama da ƙasa kaɗan za ka ga wani kumburi. Wurin auren ke nan. Kusan duk inabin Faransa a kan saiwar Amurka yake tsaye.

21. Daga mutum 87 zuwa rabin miliyan. Da gonaki suka farfaɗo, giya ta yi yawa, ga ta bogi da ake haɗawa da sukari da ruwa. Farashi ya faɗi warwas. Ranar 11 ga Maris 1907 mutum 87 suka tako daga ƙauyen Argeliers zuwa Narbonne kai kuka, Marcelin Albert, manomi kuma mai gidan shan gahawa, na gabansu. Kowace Lahadi sai a sake taro a wani gari. Ranar 26 ga Mayu sama da mutum 200,000 suka cika Carcassonne, ranar 9 ga Yuni sama da 500,000 a Montpellier. Ɗaruruwan magadan gari suka ajiye muƙami, aka daina biyan haraji. Soja ya yi harbi a Narbonne, aka rasa rayuka. Da labarin ya isa ga runduna ta 17, wadda yawancinta 'ya'yan manoman yankin ne, kimanin 500 suka bijire, suka taka zuwa Béziers suka zauna cikin jama'a. Hukuncinsu shi ne tura su Gafsa a Tunisiya. A ƙarshen Yuni aka yi dokar hana tsarma ruwa da taƙaita zuba sukari.

22. Faran 100 da ya kashe jagora. Ana neman Albert ruwa a jallo, sai ga shi a Paris a ofishin Firayim Minista Georges Clemenceau. Clemenceau ya lallashe shi ya koma ya kwantar da tarzoma, da ya ji ba shi da kuɗin jirgi kuma ya miƙa masa faran 100. Yana fita, Clemenceau ya shaida wa 'yan jarida. Mutanen da suka riƙa ɗaga Albert a kafaɗa suka ce an saye shi, har suka so hallaka shi. Cikin talauci ya rasu a 1921.

23. Kishiya daga Aljeriya. A lokacin annobar ƙwaron, Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa gonakin inabi a Aljeriya. Kafin ƙasar ta sami 'yanci a 1962, ita ce ta fi kowace ƙasa a duniya fitar da giyar inabi waje, alhali akasarin mutanenta ba sa sha. Yawancinta Faransa ake kaiwa, a gauraya da ta kudancin ƙasar mai rauni.

24. 'Ya'yan garin biyu. Fabre d'Églantine, haifaffen Carcassonne, shi ya raɗa wa watannin kalandar juyin juya halin Faransa suna a 1793, kalandar da makonta kwana goma ne. Watan farko na shekara, mai kamawa a ƙarshen Satumba, na girbin inabi ne. An fille masa kai a 1794, Napoleon kuma ya soke kalandar daga 1806. Na biyun, Paul Sabatier, ya sami kyautar Nobel a 1912 kan hanyar haɗa sinadarai da iskar haidurojin, wadda da ita ake daskarar da man tsirrai ya zama na shafa wa burodi.

25. Tambayi kafin ka sa cokali. Abincin da yankin ke alfahari da shi cassoulet ne: farin wake da nama a kaskon yumɓu, ya daɗe a tanda, in ɓawo ya taso a samansa a danna shi ciki, ya sake tasowa a sake dannawa. Masu tsananin al'ada sun ce sai sau bakwai. Garuruwa uku ke jayayya a kansa, Castelnaudary da Toulouse da Carcassonne, inda a kan ƙara naman tunkiya, ko fakara a lokacin farauta. Baƙo Musulmi ya sani, ko an rubuta masa agwagwa a takardar abinci, na gargajiyar da fatar alade da tsiran alade ake haɗa shi.

26. Ana ƙona shi duk shekara. Kowace 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasa, ana lulluɓe ganuwar da jan hayaƙi da tartsatsin wuta har a ga tamkar birnin na ci. A 1898 aka fara. Dubban ɗaruruwan mutane ke cika bakin kogi don kallo.

27. Zobba, fim da wasa. A 2018 mai zane Felice Varini ya manna manyan zobba ruwan ɗorawa a jikin ganuwar yamma. Daga wuri ɗaya tak, gaban ƙofar da ke kallon kogi, suke haɗuwa su zama da'ira cikin da'ira. Ka gusa taki kaɗan, su wargaje. Mutanen gari suka tara sa hannu a cire, da aka ɓare su kuma shatinsu ya daɗe a jikin dutse. A fim ɗin Robin Hood na 1991 birnin ya fito a matsayin Nottingham ta Ingila. A 2000 kuma wani Bajamushe, Klaus-Jürgen Wrede, ya ƙirƙiro wasan tebur mai sunan garin, wanda aka sayar da miliyoyinsa.

28. Masu kwana a ciki. Miliyoyin baƙi ke ratsa ƙofofin a shekara, amma mazaunan dindindin a cikin ganuwa 'yan gomomi ne. Sauran mutanen Carcassonne, sama da 45,000, a ƙasa suke. Gidajen tudu sun koma otal, da gidajen abinci, da shagunan sayar da takubban roba.

29. Ganuwar da ake tumɓukewa. A shekarun 1960 Bafaranshe kan sha sama da lita 100 ta giyar inabi a shekara. Yanzu abin ya sauko wajen 40. Kaya ya yi kwantai, har a 2024 gwamnati ta ware kuɗi tana biyan manomi Yuro 4,000 kan kowace hekta in ya yarda ya tumɓuke inabinsa. Lardin Aude na cikin waɗanda suka fi karɓa. A Agustan 2025 gobarar daji ta tashi a tsaunukan Corbières, kudu maso gabas da Carcassonne, ta cinye kimanin hekta 16,000, irin wadda Faransa ta yi shekaru da dama ba ta gani ba. Manoma suka riƙa nuna wa 'yan jarida abin da ya faru: inda gonar inabi ke raye, da ɗanyen ganye da ƙasa a share, wutar kan rage gudu ko ta tsaya. Inda aka tumɓuke, busasshiyar ciyawa da ƙirare sun ba ta hanya. Abin da suke tambaya yanzu shi ne, gwamnatin da ta biya aka cire inabi saboda babu masu sha, ko za ta biya a bar wanda ya rage saboda wuta.